Sawun Taya a Kan Jinga

Kai ma ka gani, kada ka ce ba ka gani ba. In dai ka taɓa bin hanyar da ta bar Haɗeja ta nufi ƙauyukan bakin kogi da damina, ka ga sawun taya biyu kwance a kan jinga kamar an ja garma, kuma abin da ka yi shi ne ka sunkuyar da kai kan wayarka. Ka ce a ranka ai ba gonarka ce a bayan jingar ba. To, ga labarin wanda gonar uwarsa ce a wurin.

Muttaka makanike ne a Haɗeja, kuma aikin ƙafar mota ya ƙware a kai: shokazoba, sifirin, da duk abin da ke riƙe mota tsakaninta da ƙasa. Haifaffen Garin Ari ne, ƙauyen da ke kwance cikin kwari, wanda in kogi ya cika ruwan yakan fi daɓen ɗakunansu tudu. Abin da ya raba garin da ruwa jinga ce, doguwar katangar ƙasa da buhunan yashi da mutanen garin ke ɗagawa da gayya duk shekara. Maza su haƙa su ɗauka a kwando, mata su kawo kunu da ɗanwake. A gindin jingar, daidai inda ta yi gwiwa, nan gonar shinkafar mahaifiyarsa Larai take. Ita kaɗai mijinta ya bar mata. Da ita take ci, da ita take fita kunyar biki da suna.

Garin yana da doka: ba a hawa jinga da abin da ya fi babur nauyi. Ko makiyaya zagayawa suke yi da shanunsu. Amma in za a faɗi gaskiya, ba dokar ce ke tsare jingar ba, gangarenta ne. A miƙe yake, duk motar da ta gwada hawa sai ta daki ƙasa da haɓa ta koma da baya. Mutanen Garin Ari sun daɗe suna yabon kansu da bin doka, alhali motocin ne ba su da tsawon ƙafa.

Ana gab da faɗuwar damina Alhaji Tukur ya kawo sabuwar a-kori-kurarsa mai ƙofa huɗu garejin Muttaka. Alhaji Tukur babban mai sayen shanshera ne, yana bin ƙauyuka yana auna shinkafa yana kai wa masu injin casa. Shi ne kuma uban Adila, matar Muttaka. Da ganin sa Muttaka ya ajiye sifana, ya goge hannu a wando, ya tsuguna can gefe ya gaishe shi, idonsa a ƙasa. Tun da ya auri Adila bai taɓa cin abinci a gaban mutumin nan ba, bai taɓa kiran sunansa ba. Ja'afar ne ya tuƙo motar, ƙanin Adila, ƙato mai gemu da iyali, wanda tsakaninsa da Muttaka sai tsiya da wasa kamar yadda aka saba tsakanin mutum da ƙannen matarsa.

Ƙorafin Alhaji shi ne hancin motar ya yi ƙasa, tana dukan kwalbati. Muttaka, yana tsugune, ya yi bayani cewa hanya biyu ce. Ta farko a ɗan ɗaga gaba kawai, a sa zoben ƙarfe a saman sifirin gaba, hancin ya tashi ya yi daidai da baya. Aikin yini ɗaya ne, motar ba za ta sauya hali ba, kuma ta daina dukan kwalbati. Ta biyu a ɗaga ta ɗungurungum, a sa dogayen shokazoba, a ƙara sifirin baya, a canza tayoyi da manya masu haƙora. Wannan za ta yi tsawo ƙwarai, amma za ta riƙa rangaji da kaya, ta ƙara shan mai. Ya ce shi a ganinsa ta farkon ta wadatar.

Alhaji ya saurara yana jan carbi. Da Muttaka ya gama, sai ya yi tambaya ɗaya.

"Wacce a ciki za ta hau gangaren Garin Ari?"

Muttaka ya gane lissafin. In marka ta sauka, hanyar ƙasa takan nutse, ƙauyukan da ke bayan Garin Ari su yanke daga duniya, alhali rumbunansu cike suke da shinkafar rani, masu ita kuma a matse suke da neman taki. Hanya ɗaya ce ke saura a sama da ruwa, ita ce bayan jinga. Wanda ya hau ta, kasuwar tasa ce shi kaɗai.

"Ta biyun ce, Baba," in ji shi.

"To, ita za a yi."

A nan ne ya kamata Muttaka ya buɗe baki. Kalmomin suna nan a kan harshensa: jingar ƙasa ce da yashi, ba za ta ɗauka ba, gonar Inna tana ƙarƙashi. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Duk yadda aka ce, Baba." Mu kuma da muke kiran wannan tarbiyya, sai mu gyaɗa kai mu ce yaro ya san girman suruki.

Da Alhaji ya hau a-daidaita-sahu ya tafi, Muttaka ya miƙe ya fuskanci Ja'afar, ya faɗa masa komai ba ɓoye-ɓoye: in aka ɗora motar nan da lodi a kan jinga, za a kashe ta. Ja'afar ya kwashe da dariya, ya ce angon Yaya ya fara tsufa, yanzu tsoron tudun ƙasa yake ji. Muttaka ya rantse masa da gaske yake. Ja'afar ya ce ai ranar ɗaurin aure ma haka ya rantse zai sai wa Yaya firji. Ya dafa kafaɗarsa, ya ce a yi aiki mai kyau, in ba haka ba su zo su ɗauke 'yarsu. Ga inda al'ada ta ajiye Muttaka: mutumin da ke da ikon hanawa ba ya iya yi masa magana, wanda yake iya yi wa magana kuma an ɗauke masa nauyin jin ta da gaske.

Ya gwada Adila. Ta ce ita ba ta taɓa shiga harkar kasuwancin Baba ba, kuma in ta yi, za a ce miji ya zuga ta. Sai ya bi hanyar da manya suka shimfiɗa, ya nemi ɗan aike. Ya hau babur ya je Garin Ari wurin Malam Haladu, sarkin gayya, wanda shi ke kiran aikin jinga duk shekara, kuma abokin Alhaji Tukur ne tun suna yara. Muttaka ya zayyana masa: nauyin mota da na kaya, yadda haƙoran taya ke tona ƙasa, yadda ruwan sama zai kwanta a cikin sawun ya jiƙa jingar daga sama yayin da kogi ke cin ta daga gefe. Malam Haladu ya ce lallai wannan magana ce, kuma an ba da ita ga mai ita.

Ranar kasuwa Malam Haladu ya shigo Haɗeja, ya sauka a rumfar Alhaji, aka kawo masa shayi da tsire. Da ya tashi tafiya ya biyo ta gareji, fuskarsa a sake, ya ce an isar da saƙo.

"Me ka ce masa, Baba Haladu?"

"Na ce ɗanka yana gaisuwa, ya ce in an zo wajen jinga a riƙa bi a hankali."

Malam Haladu ya ce ai babba ba a dukan sa da magana, a gefe ake ajiye masa ita ya ɗauka da kansa. Alhaji ma ya ji daɗi, ya sa albarka. Haka saƙon da ya tashi da cewa za a fasa jinga ya isa a matsayin gaisuwa.

Daga nan Muttaka ya koma ga dabarar marasa ƙarfi, wato jan ƙafa. Ya ce kayan ba su iso daga Kano ba. Alhaji ya tura Ja'afar ya je ya ɗauko su da kansa, a cikin kwalayensu. Maƙwabtansa a gareji suka fara tsokanar sa, suna cewa in aikin ya fi ƙarfinsa ya miƙo musu. Ya ga ko ya ƙi wani zai yi, kuma sai a ce ya ƙi surukinsa a bainar jama'a. Ya shiga ƙarƙashin motar. Abin takaicin shi ne hannunsa bai iya aikin banza ba. Ya ɗaure kowane noti yadda ya kamata, ya daidaita ƙafafun har sitiyarin ba ya ja ko kaɗan. Da aka sauke ta daga jak, sai da Ja'afar ya kama ƙofa ya yi tsalle kafin ya shiga. 'Yan kallo suka ce kai, wannan ba mota ba ce, raƙumi ne.

Marka ta sauka, hanyar ƙasa ta nutse kamar yadda ta saba. Motar Alhaji ta tunkari gangaren Garin Ari ta haye shi kamar tana hawa tabarma. Ba wanda ya ce uffan. Wa zai ce? Ita kaɗai ce motar da ke shiga. Ta fitar da shanshera, ta shigo da taki da gishiri, ta ɗauko mai jinya, ta rage wa 'yan kasuwa hanya kyauta a saman buhuna. Malam Haladu, mai tsaron doka, aka riƙa ba shi kujerar gaba. Ba a jima ba wasu masu sayen shinkafar suka ga an bar su a baya, suka kawo nasu motocin. Muttaka ya ƙi taɓawa, maƙwabtansa suka yi. Jingar da aka ɗaga da kwando a ka ta zama titi.

Da labarin cikar kogi ya yi yawa, Muttaka ya rufe gareji ya tafi gida. Babur ɗinsa ma da ƙyar ya bi ta tsakiyar jingar, don sawun tayoyin ya yi zurfin da yaro zai zauna a ciki a rasa ganin sa, kuma cike yake da ruwa. A gwiwar jinga, inda motoci ke karya kwana, gefen ya fara zaftarewa. Ta hannun dama kogi ne, jajir, ya kusa taɓa leɓen buhunan. Ta hagu, can ƙasa, shinkafar Larai ce, kore shar, ta yi ciki tana shirin fitar da kai.

Ya sami Larai a wurin da fartanya da tsohon kwano, ita kaɗai, tana kwashe ruwa daga cikin sawun tana cusa ƙasa. Shi ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa. Ta ce masa kai wannan, ka zo? Ya karɓi fartanyar. Ya ce mata yau in motar ta zo zai tare ta. Larai ta ajiye kwanon, ta ce kul, kada ya soma. Mutumin nan ya ba shi 'ya, bai taɓa goranta musu talaucinsu ba, da wane ido za ta kalli gidansu? Ta ce jinga ta Allah ce, Shi ke tsare ta. Muttaka ya ce Inna, da hannu aka ɗaga ta.

Bayan azahar suka ji gurnanin motar Alhaji. Ta taho daga ƙauyukan ciki, an yi mata lodi har ya wuce kan direba, mutanen Garin Ari zaune a saman buhunan, tana rangaji hagu da dama. Ja'afar na tuƙi, Malam Haladu a gefensa, Alhaji Tukur a baya. Muttaka ya tsaya a tsakiyar jinga da fartanya a hannu. Ja'afar ya danna hon, ya leƙo yana dariya.

"Angon Yaya, an koma noma ne? Matsa, kada in mai da Yaya bazawara."

Muttaka bai matsa ba. Da Alhaji ya sauke gilashi, ƙafafunsa suka lanƙwashe da kansu, ya sami kansa a tsugune kamar kullum. Ya ji laka mai sanyi a gwiwarsa, ya ji ƙasar tana rawa da bugun injin. Sai ya miƙe, ya ɗaga kai ya kalli surukinsa a ido, abin da bai taɓa yi ba.

"Baba, jingar nan ba za ta ɗauki motar nan ba. In kuka wuce ta nan da kayan nan, za ta fashe, gonar Inna ce za ta fara tafiya. A sauke kayan, a koma da baya."

Alhaji ya juya ga abokinsa, muryarsa a kwance.

"Haladu, tambayar mini shi, wa ya ɗaga mini motar?"

Muttaka ya ce shi ne, kuma ya yi kuskure. Amma ba wanda ya saurari wannan. Mutanen da ke saman buhunan suka fara dirowa, kuma ka san su waye? Masu gonaki ne a bayan jingar nan, waɗanda kawunansu suka yi kanta da ɗaukar ƙasarta. Ba motar suka nufa ba, shi suka nufa. Wani ya ce zaman birni ya ɓata yaro. Wani ya ce ko mahaukaci ya san surukinsa. Malam Haladu ya sauko ya kama shi a hannu, yana cewa haba ɗana, ai an riga an isar da maganar nan, me ya kawo tone-tone a gaban jama'a? Suka karɓe fartanyar, suka ja shi gefe, yana turjewa yana nuna musu inda ƙasar ta tsage. Ba wanda ya kalli inda yake nunawa. Larai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta durƙusa a gefen motar tana ba Alhaji haƙuri.

Alhaji ya ce ba komai, yaro ne. Aka ɗaga gilashi. Ja'afar, wanda dariya ta bar fuskarsa, ya sa giya. Motar ta karya kwana a gwiwar jinga, tayar baya ta nutse ta fito, ƙasar ta motsa kamar tuwon da bai yi ƙwari ba. Masu gonakin suka bi ta da gudu suka haye saman buhunan.

Ranar Juma'ar da ta biyo, maza suna masallaci, jingar ta buɗe a daidai wurin. Matan da suka gani sun ce da farko ruwan ya biyo sawun taya ne siriri, kamar an karkata buta, sannan gefen ya sulale gaba ɗaya. Kafin a sallame salla, inda gonar Larai take ya zama tafki, buhunan yashi suna juyawa a ciki. Ruwan ya ci gonakin da ke bayanta, ya tsaya a bakin gidajen farko. Ba a rasa rai ba, shi ya sa ba ka ji labarin a rediyo ba.

Kafin la'asar an riga an sami mai laifi. Aka ce ruwan dam aka saki. Aka ce ciyawar kacala ce ta toshe kogi. Aka ce ƙaddara ce, wadda ba ta da makawa. Duk wanda ka tambaya yana da bayani, kuma babu taya a cikin bayanin kowa. Alhaji Tukur ya aiko da buhunan masara na jaje, a cikin motar nan dai, ta bi ragowar jingar har bakin inda ta karye. Malam Haladu ya tsaya ya raba, ya yi addu'a Allah Ya ƙara wa garin irin Alhaji. Aka shafa.

Muttaka ya sami mahaifiyarsa zaune a kan guntun jingar da ya saura, ƙafafunta a miƙe, tana kallon ruwa. Ba ta karɓi masarar ba, ba ta kuma ce ta ƙi ba, ta dai bar ta a inda aka ajiye. Ya zauna kusa da ita. Can wani kan shinkafa ya taso yana yawo, ta bi shi da ido har ya wuce. Sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba:

"Kai wannan, ashe da ka ƙi tun tana garejinka."

Bai tuna mata abin da ta ce masa ranar da ya tare motar ba. Gaskiya ta faɗa, kuma ya san haka tun yana kwance a ƙarƙashin motar da sifana a hannunsa.

Yanzu saura kai. Bana za a sake kiran gayya a Garin Ari da sauran garuruwan bakin kogi, za a sake ɗaukar ƙasa a ka, kuma motocin da aka ɗaga suna nan, sun ƙaru. In kai makanike ne, wanda ya zo a ɗaga masa mota ka tambaye shi inda zai hau da ita, in jinga ce ka mayar masa da makullinsa ko da shi ya haifi matarka. In kai mai gona ne, ko ɗan mai gona, ko mai cin shinkafar da aka noma a kwarin nan, ka je ranar gayya da itacen giginya da diga. Ku kafa turaku a bakin kowane gangare, masu kaurin da sai babur zai ratsa, ku binne su da zurfi. In mai mota ya zo ya ce a cire, kada ka waiga neman wanda zai amsa masa. Kai za ka ce a'a. Tashi ka nemo itacen tun kogi bai cika ba.